Abin da Ke Ƙarƙashin Gidanmu

Ba a daɗe da rasuwar baban yara ba Auta ta ɗauke ni zuwa ofishinsu. Ita ce ƙaramar 'yata, injiniya ce. Aikinsu su haƙa ƙasa su duba ko za ta riƙe gini idan ruwa ya yi yawa. Ni na ɗauka iska ta fito da ni in sha.

Ɗakin sanyi kamar firji. An jera dunƙulen ƙasa cikin leda a kan benci. Ogansu, wani dogo mai gilashi, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce, "Mama, 'yarki ta girma amma har yau wasa da ƙasa take yi." Na yi dariyar dole.

Auta ta juyo mini da kwamfuta. Ga unguwarmu kamar daga sama kake kallo, ga kogi, ga gangaren da gidanmu yake bakinsa. Ta danna wani abu, ruwan zane ya fara hauhawa. Gidajen maƙwabta wasu suka yi kore, wasu ja. Namu fari fat.

"Namu fa?"

"Shi ya sa na kawo ki, Umma. Injin haƙa ya ƙi shiga ƙofarmu, ba mu san abin da ke ƙasa ba. Da me Baba ya cike ramin da ke filin kafin ya yi gini?"

Na sani sarai. Kafinta ne babansu. Da garin katako na shagonsa ya cike ramin, da guntattakin itace, ya zuba yashi a sama. Ni da ƙafata na riƙa tattakewa, ina goye da yayarta.

"In dutse ne fa?" na ce.

Ta dube ni, ta rubuta. Gidanmu ya yi kore.

"To ki bar shi haka."

"Umma, wannan abin duk yadda aka gaya masa yarda yake yi. Ko zinariya kika ce, to zai ce. Ruwa kuwa ba zai tambaye ki ba."

Na sunkuyar da kai na faɗa mata. Ogan ya tashi ya ba mu wuri. Kwamfutar ta daɗe tana huci, ni kuma ina ta murɗa bakin mayafina. Da ta gama sai gidanmu ya yi ja. Auta ta nuna mini yadda ruwa zai bi ta ƙasa, ruɓaɓɓen katakon ya saki, ɗakin baya ya fara zamewa. A ɗakin nan babansu ya yi jinya, a can nake kwana. Har lokacin ƙamshinsa bai bar labulen ba.

"Ba ya kuskure, abin naku?"

"Yana yi. Ƙila bana, ƙila sai an yi shekaru. Ba wanda zai faɗa miki ranar."

A hanyar gida hadari ya haɗu. Ta ce in koma wurinta. Na ce ta bari damina ta wuce tukuna, gidan da ya ɗauke mu tun kafin a haife ta ba yanzu zai yashe ni ba. Sai ta tsayar da motar a gefen titi ta kifa kai a kan sitiyari. Tun rasuwar ban ga hawayenta ba sai ranar.

"Na rasa ɗaya, Umma," ta ce. "Kada ki yi mini haka."

Washegari muka kwashe kaya. Ana yayyafi aka fito da gadon, sai da aka kwance shi don ya ƙi bin ƙofa. Ni na kulle gidan da hannuna.

Yanzu a bene nake a gidan Auta, a ɗakin jikokina. Duk sanda ruwa ya sauko da ƙarfi ba na iya zama, sai in kira maƙwabciyata ta dā in ce ta leƙa mini gidan ta katanga. Kullum sai ta ce yana nan tsaye. Ina ajiye wayar, sai in fara jiran ruwa na gaba.