Gadin Makunnin Layi

Kafin in shiga koyon aikin layin lantarki, sana'a uku na bari. Na fita daga makaranta a aji uku na sakandare, na yi wata biyar wajen mai gyaran babur, wata biyu wajen tela, wajen mai walda kuwa ko sati uku ban cika ba. Mazari ake kirana a gida, don ba na iya zama wuri ɗaya. Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda kamfanin wuta zai horar, Baba ya karanta takardar, ya ninke ta, ya miƙo min.

"Wannan ce ta huɗu," ya ce. "In ka bar ta ko aka koro ka, na gama zuwa ƙofar mutane ina roƙo dominka."

Filin horon yana bayan ma'ajiyar kamfanin. Har yau in na ji warin man taransifoma, can zuciyata take komawa. Falwaya shida ne a jere, babu wuta a jikinsu, sai manyan faya-fayan katako da ake naɗe waya, waɗanda muka mayar kujeru. Akwai wata tsohuwar butar shayi da murfinta ya ɓace, muna rufe ta da gwangwani. Mu goma sha biyu ne, mai koyar da mu kuma tsohon ma'aikaci ne da kowa ke kira Kawu, har manaja. Gajere ne, ƙafafunsa sun gwame saboda shekarun hawa, yatsu biyu na hannunsa na hagu ba sa lanƙwasuwa. Bayan wata shida shi zai sa hannu a takardar wanda zai ci gaba. Wanda bai sa wa ba, sai gida.

Ya koya mana duba bel ɗin da ake ɗaurawa a hau falwaya, ɗinki bayan ɗinki, da hura safar hannu a ji ko ta huje, da haɗa layi da ƙasa kafin a taɓa shi. A hawa kuwa babu wanda ya kamo ni. Abokina Dogo, da yake ƙafarsa na rawa tun daga matakin tsani na huɗu, yakan ɗaga kai ya ce, "Mazari, anya a danginku babu biri?"

"Akwai raƙumi a naku, amma ga shi tsayin bai amfane ka ba."

Kawu yana ji, ba ya dariya, ba ya hanawa.

Da muka fara fita aiki na gaske a wata na biyar, na ɗauka ni za a fara sa wa bel. Sai Kawu ya sa aka tsayar da mota a bakin wata hanya, gindin wata falwaya mai dogon hannun ƙarfe. Wannan hannun shi ne makunnin layin. In an ja shi ƙasa, wuta ta ɗauke a duk wayoyin da ke gaba. Kawu ya ja shi, ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

"Sauko, Mazari. Nan za ka zauna."

"In yi me, Kawu?"

"Ka zauna. Kada kowa ya taɓa ƙarfen nan sai ka ga fuskata. Ban ce saƙona ba, ban ce muryata a waya ba."

"Ai ga kwaɗo ka sa."

"Kwaɗon nan yana da wani makullin a ofis, kuma ba shi da bakin da zai ce a'a."

Suka tafi wurin aikin, tafiyar kusan kilomita uku, suka bar ni da gorar ruwa. Haka aka yi ta yi har sati biyar. Dogo mai tsoro yana can sama yana ɗaure waya, ni ina ƙasa ina kallon tururuwa. Na san kowane tsagi na jikin falwayar nan. Na san akuyar da ke zuwa cin takarda da hantsi. Sau biyu na miƙe da niyyar tafiya gida, in na tuna yadda Baba ya ninke takardar nan sai in koma in zauna.

Saura kwana uku a sa hannu, abin ya faru. An kashe layin tun safe don canza wayar da ta tsufa, an yi wa mutane alkawarin wuta ƙarfe biyu. Har uku ta gota babu Kawu. Sai ga farar motar ofis, wani injiniya ya fito, matashi mai gilashi, wayarsa a kunne, makulli a ɗaya hannun.

"Kai ne ɗan koyon? Matsa. Sun gama, direbansu ya faɗa min yanzu."

Na miƙe, amma maimakon in matsa sai na jingina bayana da ƙarfen.

"Yallaɓai, Kawu ya ce sai na ga fuskarsa."

"Ka san ko ni waye?"

"Na sani, yallaɓai."

"To ni ke ba Kawun naka umarni. Akwai masana'antar ƙanƙara a layin nan, kayansu na narkewa, sun cika min kunne. Na kira shi ya fi sau goma bai ɗauka ba."

"Ba ya riƙe waya a bakin aiki, yallaɓai. A mota yake barinta."

Ya kira direban, ya sa min a kunne. Na ji muryar direban sarai yana cewa kowa ya sauko, har an ɗora shayi. Ga injiniya, ga shaida, ga kwana uku kacal tsakanina da takarda. Amma direban a mota yake zama, bayansa yake ba falwayoyin. Kuma Dogo ne a sama ranar, shi da kullum yake zama na ƙarshe wajen saukowa.

"Ka yi haƙuri, yallaɓai. Ga mota, minti biyar ne ka ɗauko shi."

"Ni za ka aika?"

Ya tambayi cikakken sunana da lambata, ya rubuta a tafin hannunsa, ya ce in ɗauka na gama aiki a kamfanin nan. Bai ture ni ba, ban kuma matsa ba. Muka tsaya a rana kamar zakaru biyu, akuyar nan tana kallonmu. Bayan kusan rabin awa motarmu ta iso.

Kawu ya sauko a hankali. Na duba bayan motar, ga Dogo zaune da kofi a hannu, yana ɗaga min gira. Ashe da gaske sun daɗe da gamawa. Kawu ne ya tsaya ƙirga mutane da igiyoyin haɗa layi da ƙasa sau biyu, kamar yadda ya saba, igiya ɗaya ta shige ƙarƙashin tsani aka yi ta nema. Injiniya ya yi ta faɗa, Kawu yana cewa, "Gaskiya ne, yallaɓai. An ɓata maka lokaci, yallaɓai." Sannan ya ciro makullinsa, ya buɗe kwaɗon, ya tura ƙarfen sama. Ni ko kallona bai yi ba.

A mota na ce wa Dogo, "Saboda kai na kashe kaina, ashe kana can kana shan shayi."

"Har da burodi," ya ce. "Na so in rage maka, sai na tuna korarre ba ya cin abincin kamfani."

Ban faɗa wa kowa a gida ba. Washegari takardar ƙara ta iso daga ofis, Kawu ya karɓa ya tafi wajen manaja. Mai shara ce ta ba mu labari, ta ce Kawu ya rubuta kalma huɗu a ƙasan takardar, "Ni na sa shi," ya ajiye hular kwanonsa a kan teburin, ya ce in za a kori mai gadin a haɗa da mai hular.

Ranar sa hannu muna zaune a kan faya-fayan waya, yana kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Ni ne na ƙarshe. Ya daɗe yana duba takardar kamar bai taɓa ganinta ba, sannan ya sa hannu.

"Hawa tun ranar farko ka iya shi," ya ce. "Zama ne ban sani ba ko za ka iya. Gobe ka zo da wuri ka duba bel. Dogo, kai ne a makunni."

Dogo ya ce, "Kawu, in injiniya ya zo fa?"

"Ka fi shi tsawo, ka san yadda za ka yi."

Da yamma na kai wa Baba takardar. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ninke ta. Na miƙa hannu in karɓa, sai ya sa ta a aljihun rigarsa ya ce wa Inna ta zuba min abinci.

Shekara huɗu ke nan. An mayar da horon wani gari, filinmu ya zama wurin ajiye motoci, an tumɓuke falwayoyin nan shida. Kawu ya yi ritaya, yana kiwon tantabaru a bayan gidansa. Ni nake fita da sababbin 'yan koyo biyu yanzu, ɗayansu ba ya iya tsayawa ko ana gaisawa. Jiya da na je gaishe da Kawu na kai masa ƙarar yaron. Ya watsa wa tantabarun tsaba, ya ce, "Ya iya hawa?"

"Kamar ƙadangare, Kawu."

"To ka nema masa gorar ruwa."