Ranar da Na Sa Aka Yashe Rijiya

Shekara talatin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Bande, ina yi wa mutanenmu dariya kan yadda muke ɓoye dauɗarmu in baƙo zai zo. Ashe ni ma ɗabi'ar tana jikina.

Tun da wani kamfanin haƙar ma'adini ya fara wanke ƙasarsa a bayan ƙauyenmu, ruwan rijiyarmu ya koma ja, awaki suna ta ɓari. Kamfanin ya ce ruwan lafiya lau yake. Muka kai ƙara kotu a Magarya, wata ƙungiya mai zaman kanta ta yarda ta turo mana mai awon ruwa da avoka, wato lauya, daga Damagaram.

Ana gobe za su iso na leƙa rijiyar, kunya ta kama ni. Masu ilimi daga Damagaram su ga abin da muke sha? Na sa maza suka yashe ta tas, aka watsar da jar lakar a rafi.

Rumaisa, mai awon, ta zura kwalba ta jawo ruwa garau.

"Inna, wannan ce rijiyar?"

"Ita ce, 'yata. Jiya muka yashe ta saboda ku."

Avoka Rilwanu ya dafe kai. "Hajiya, lakar nan ita ce shaidarmu. Wa ya ba ku wannan shawara?"

Mazan duk suka sunkuyar da kai, don kada su kalle ni.

"Ni ce," na ce.

Aka ɗaga shari'ar wata uku, har laka ta sake taruwa. Wata ukun nan jikokina daga rijiyar suka ci gaba da sha, kuma ni nake miƙa musu moɗa.