Bayan Shataletale

Direba ya taka birki a shataletale, amma hannunsa ya ƙi zuwa ga maɓallin ƙofa. Tun da gwamnati ta sayar wa wani kamfanin ƙasar waje motocinta na bas ake ta sauye-sauye, yau kuma sabuwar doka ta fara aiki: nan ne ƙarshen layi. Unguwar bayan gada wai ba ta kawo riba, an soke ta. Direban da ya wuce nan kuwa, a bakin aikinsa.

Ya ɗaga ido ya kalli madubi. Mutanen da ya yi shekaru yana kwasa ne, har tarin kowa ya sani. Ga tsohuwa mai wanki a asibiti, ƙafarta a kumbure, ga malamin firamare, ga mai gyaran takalma rungume da akwatinsa. Rana ta take, kwalta sai tururi.

"Ɗan nan, nan za ka zubar da mu?" in ji tsohuwar.

"Iya, umarni ne daga sama."

"Wace saman? Da gwamnati ce, muna zaginta tana kai mu gida. Wannan ko sunansa ban iya faɗa ba, wa zan zaga?"

Aka kwashe da dariya, shi dai bai yi ba. Kunya ce ta rufe shi, ga tsoro, don yana da yara a makaranta, kuma aiki ba a bakin titi ake tsintarsa ba. Ya ciji leɓe, ya sa giya.

Bai yi nisa ba rediyon motar ya ɗauki ƙara. Manaja ne daga ofis.

"Direba, na'ura ta nuna ka wuce layi. Juyo!"

"Ranka ya daɗe, in na sauke su zan juyo."

"Kana wasa da abincinka."

"Bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci, yallaɓai."

Suna sauka daga gada inji ya mutu murus. Ya murɗa makulli, ko tari motar ba ta yi ba. Ashe daga ofis suke iya kashe ta. Ya kifa kai a kan sitiyari, ba tsuntsu ba tarko, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

Sai mai gyaran takalma ya ajiye akwatinsa, ya shiga naɗe hannun riga.

"Malam, taso," ya ce wa malamin. "Masu kamfanin nan baƙi ne, ba su san mu ba. Mu da muka tsufa muna tura motar gwamnati?"

Maza suka sauka, mata biyu suka ɗaure zane suka bi su. Daga baya aka buga wa motar tafi, aka ɗaga murya: "Direba, cire giya!"

Ya cire. Motar ta yi ƙugi, ta fara gangarawa a hankali. Manaja na ta kira, direba ya miƙa hannu ya rage muryar.

"A ƙofar gida za ka sauke ni fa," in ji Iya.

"To, Iya," ya ce, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, don akwai rami a gaba.