Sabulun da Ba Ya Kumfa

Shekara goma sha huɗu Rabi tana wanke-wanke a gidan Hajiya Sa'adatu da ke Babban Giji, ba a taɓa ɗaga kofi an ji ƙarni ba. Kullum da hantsi take isowa daga Ƙauyen Alu, ta ɗaure ƙugu, ta kaɗa ruwan sabulu a babban baho. Ita a wurinta kumfa ce aiki. In ba ta taso har gwiwar hannu ba, to wasa ake yi.

Kwatsam sai Anas, babban ɗan Hajiya, ya aiko da wani farin akwati daga Abuja. Masu haɗawa suka wuni suna huda bango, suka bar shi a kicin kusa da firji. Wai injin wanke-wanke ne: a jera masa kwanuka, a danna, ya wanke, ya ɗauraye, har ya busar.

Rabi ta yi Allah ya sanya alheri kamar kowa, amma a ranta tambaya ɗaya ce. Gidan da inji ke wanke kwano, me za a yi da mai wanke-wanke? Kunya ta hana ta tambayar Hajiya. Abin takaici ma, ita aka aika sayo masa sabulu.

"Ke kika san sabulu, Rabi," in ji Hajiya. "Je ki Gyaɗi-Gyaɗi wurin Maman Samuel ki zaɓo mai kyau."

Maman Samuel, Saratu sunanta, 'yar Kafanchan ce mai kantin kayan wanki, kuma ba ta sayar da abu ba tare da wa'azi ba. Rabi ba ta jira wa'azin ba. Ta yi gwajin da ta saba: ta ɗiga koren sabulun wanke-wanke a robar ruwa ta girgiza, kumfa ta cika robar fal. Ta ɗiga wanda aka ce na inji ne a wata robar, ta girgiza har kafaɗarta ta yi ƙara. Ko ɗigon kumfa babu.

"Wannan ai ruwan koko ne, Maman Samuel."

"Shi ne daidai, Inna Rabi. Inji ba ya son kumfa. Ruwan zafi yake fesawa da ƙarfi, sabulun ya cinye maiƙon shiru. Wata a Hotoro ta ƙi jin maganata ta zuba koren, kumfa ta biyo ƙarƙashin ƙofa har falo. Tun ranar ta rufe injin da tsohon zani, yanzu buhun albasa ne a kansa."

Buhun albasa! Maganar ta yi wa Rabi daɗi har ta ji tsoron kanta. Ta ɗauki koren tana juyawa. Wa zai ga laifinta? Tsohuwa ce 'yar ƙauye, ba ta karanta boko ba, ta sayo mai kumfa kamar yadda ta saba. Kwana ɗaya a goge ƙasa, shi ke nan baho ya dawo mulki.

Har ta sa shi a leda. Sai ta hango a ranta Hajiya da ciwon gwiwarta tana takowa kan tayil mai santsi. Kuma ita aka ce ta san sabulu, a gaban kowa aka faɗa. Ta yi a'uzubillahi, ta ja tsaki, ta mayar da koren kan kantar shagon.

"Ba ni ruwan kokon."

Saratu ta samu ƙofar wa'azi: a cika ɗan aljihun da ke jikin murfin kawai, a kankare ragowar tuwo tukuna, kada a sa akushi ko muciya. Rabi ta haddace tsaf, tana ji tana ƙara tsanar injin.

Amma fa ba ta ce za ta sauƙaƙa masa ba. Da ta koma, ta tattaro kwanukan da suka fi taurin kai: farantan da miyar kuka ta bushe a kai tun safe, tukunyar manja, kofunan kunun gyaɗa. In zai ji kunya, ya ji ta da gaskiya. Ta jera, ta zuba, ta yi bismilla, ta danna. Awa ɗaya da rabi tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, kunne a jikin ƙofarsa, tana jin facal-facal a ciki tana fatan a yi abin kunya.

Da ya yi ƙara ta buɗe, turiri ya doke ta. Ta ɗauki faranti ta goga yatsa, ya yi ƙiii. Ta shinshina tukunyar manja, ta kai ta bakin taga ta duba. Babu abin faɗa. Ta kai farantin falo da kanta.

"Hajiya, ya fita tas. Ko ni iyakacina ke nan." Ta gyara mayafi. "To, zaman tare... abin da na yi ba daidai ba, a yafe mini."

Hajiya ta sauke tabarau. "Ina za ki?"

"Ai an samu mai yi."

"Miƙo hannunki."

Rabi ta miƙa. Hajiya ta juya tafin, duk ya tsattsage, faratan sun cinye, gefen yatsu ya yi fari fat saboda ruwa.

"Bikin 'yarki Nafisa saura wata guda. Da waɗannan za ki zauna a sa miki lalle, ke uwar amarya? Ni na matsa wa Anas ya sayo abin nan, tun azumi nake binsa. Gobe da hantsi ki zo ki danna masa, ni ban iya ba, ba kuma zan koya ba."

Kunya da daɗi suka haɗu suka rufe Rabi. Ta janye hannuwan ta ɓoye cikin mayafi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Hajiya, ta yi kukanta mai isarta.