Pwezar da Na Kama a Mwamba

Shekara bakwai rabona da ƙauyenmu na bakin teku, kudu da Kilwa. Tun da na ajiye makaranta a aji biyu na sakandare ban taɓa yin wata shida a wuri ɗaya ba. Na yi kwandasta a Morogoro, na yi acaɓa a Dodoma, na soya dankali a tashar Mbeya. A can na ji labarin Kitwana, abokina na ƙuruciya, ya yi sabon jirgin kamun kifi, kuma saura mutum ɗaya ma'aikatansa su cika. Wannan gurbin na dawo nema. Sai dai ranar da na bar gari ko sallama ban yi masa ba.

Na sauka daga mota da hantsi. Ruwa ya janye can nesa, duwatsun da muke kira Mwamba sun fito fili. Na ce ba zan je wa Kitwana hannu rabbana ba. Zan kai masa pweza, wannan halittar ruwa mai hannu takwas da ke ɓuya a ramin dutse, ya ga har yanzu hannuna bai mutu ba. Na ajiye jaka a shagon wani tela, na samo tsinken ƙarfe, na naɗe wando.

Ba kowa a kan dutsen, alhali a da mata ne fal a irin wannan lokaci. Na ga jajayen tutoci a kan sanduna, na ɗauka aikin 'yan siyasa ne. A rami na biyu na zaƙulo wata da ban taɓa ganin irinta ba, hannunta ɗaya ya kai tsawon nawa. Na rataya ta a kafaɗa na ratsa tsakiyar gari ina taku ɗai-ɗai.

Mwanahawa, wadda muka yi aji ɗaya, tana suyar fanke a bakin hanya. Ta saki matsami.

"Mshamu? Kai ne? Innalillahi, ina ka samo wannan?"

"A Mwamba mana. Kun zama malalata, abinci na kwance kuna nan kuna ƙona fulawa."

"Ɓoye ta, sakarai! An rufe Mwamba wata uku don su girma. Ba ka ga tuta ba?"

Kafin in sauke ta sai na ji usur. Wani ƙato ya nufo mu, usur ɗin na rataye a wuyansa. Sai da ya matso na gane tabon da ke goshinsa. Kitwana ne, kuma shi ne shugaban masu gadin dutsen.

Ya dube ni, ya dubi pwezar.

"Shekara bakwai," in ji shi, "kuma tsarabar da ka kawo mana tamu ce ka sato."

"Wallahi kai na kamo wa, mutumina."

"Na gode. Wuce mu je."

Aka kai ni gindin mangwaro wurin Mzee Nyange, dattijon da ke yanke hukuncin teku. Kan ka ce me, rabin gari ya taru. Ya gaya mini doka a hankali: wanda ya taɓa Mwamba a rufe, babu jirgin da zai ɗauke shi har shekara ta zagayo. Na yi sauri na ce:

"Baba, ban sani ba. A da ba a rufewa."

"Gaskiya ne, ɗana, bayan tafiyarka muka fara. To wa zai tsaya maka?"

Mwanahawa ta zunguri Kitwana da gwiwar hannu.

"Kai, yi magana mana. Wa ya cece ka ranar da ka faɗa rijiyar masallaci?"

"Shi ya tura ni ai!"

Mutane suka fashe da dariya, har Mzee. Kitwana ya sosa ƙeya.

"Baba, a ba ni shi. Saura kwana ashirin da uku a buɗe. Ya yi gadi tare da mu, kullum, duk janyewar ruwa. In ya kai ranar, ya shiga jirgina. In ya gudu, dama mun saba."

Mzee ya amince. Pwezar kuma aka aika wa tsofaffin matan unguwa su dafa da kwakwa.

Gadi ba aiki ba ne sai zama, ni kuwa zama ne ban iya ba. A rana ta tara na ji hon ɗin motar Dar es Salaam daga kan dutse, har na miƙe tsaye. Kitwana ya miƙo mini ɓarin rogo gasasshe. Na koma na zauna. A nan ya ba ni labarin rasuwar mahaifinsa, da yadda shi Kitwanan ya yi shekara biyu yana sassaƙa jirgin.

Ranar buɗewa gari duka ya gangara Mwamba da bokitai, mata na guɗa. Washegari na iske su Kitwana suna tura jirgi. Na kama igiyar filafilai, ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, ya ɗage mini hannu, ya jefo mini yankakken galan.

"Sannu, matuƙi. Sabon shiga kwasar ruwa yake yi."

Na shiga, na durƙusa a ƙasan jirgin, na fara kwasa.