Jan Biron Dakta Zainu

Ranar Lahadi aka liƙa sanarwar a ƙofar ofishin shugaban sashe, kuma daga ranar kwalejin kasuwancin ba ta sake zama yadda take ba. Sanarwar ta ce duk malamin da bai buga maƙala da Turanci a mujallar ƙasar waje ba kafin ƙarshen shekara, ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Littafin Larabci ba ya cikin lissafi, mujallar gida ma haka.

Dakta Zainul'abidin ya karanta ta a tsaye, tabarau a kan hanci. Littattafansa biyu a kan kasuwar Omdurman sun tashi daga ilimi sun koma abin tokare ƙofa. Bai damu ƙwarai ba. Baɗi zai yi ritaya, kuma tun rasuwar matarsa Dela ya daina sa ran duniya za ta nuna hankali.

Wadda sanarwar ta taɓa da gaske ita ce Tasnim, ƙaramar malama a sashen, wadda aka ɗauka bayan rasuwar Dela. Kamar shi, jikar alhazai ce da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, ba su koma ba. A gaban mutane Larabci suke yi. In an rufe ƙofa sai Hausa ta fito.

Ta shigo ofishinsa da takardu a ƙirji.

"Ustaz, ka duba mini wannan. In ba ta fita bana ba, sai dai in koma in taya Baba buga bulo."

"Aƙalla bulo ana gina ɗaki da shi," ya ce. "A kan me kika yi?"

"A kan masu yin jan bulo na Aljirif, can bakin kogi."

Ya ɗago ya dube ta. Rabonsa da ya ji wani a sashen ya yi rubutu a kan wurin da motar haya ke zuwa har ya manta.

Dakta Zainu yana da wata ɗabi'a da tsofaffin ɗalibansa suka sani. In ka kawo masa rubutun banza, washegari zai mayar maka da shi tas, ko ɗigo bai sa ba, ya ce, "Ma sha Allah, ba laifi." In kuwa rubutun yana da rai, zai riƙe shi, ya bi shi da jan biro layi-layi, har ya dawo kamar an yanka rago a kai. Bai taɓa yi wa kowa bayanin wannan ba. Dela ce ke yi. A da gida ake zuwa karɓar takarda, ita kuwa sai ta tare ɗalibi a tsakar gida da jabana, 'yar butar gahawa, ta dubi fuskarsa da ta faɗa, ta ce, "Ɗana, mu gani. Kai, ya zubar maka da jini haka? To ka gode Allah. Wanda ya raina, biro ma ba ya ɓata masa." Ɗalibi ya tafi yana murmushi, Dakta Zainu kuma ya ci gaba da zaton shi mutum ne mai sauƙin fahimta.

Ya fara karanta maƙalar Tasnim a cikin hafila, motar haya, a kan gadar Omdurman, gwiwar wani a haƙarƙarinsa. Ta rubuta yadda ake kwaɓa laka da kashin dabbobi, a shanya, a jera a kamina, wato murhun bulo, a gasa. Sannan ta zo kan abin da ya sa ya wuce tasharsa bai sani ba. In kogi ya cika ya shanye filin, aiki ya tsaya cak, mai kamina ba ya sallamar leburorinsa, yawancinsu 'yan Dar Salam, unguwar talakawa ta bayan gari. Yana ciyar da su, in ruwa ya ja su yi noma tare a kan lakar da kogin ya bari, sannan a koma wuta. Ta nuna cewa ba tausayi kaɗai ba ne: wanda ya san launin hayaƙin da ke nuna bulo ya nuna, ba a samunsa a bakin titi. Littattafan da suke koyarwa a aji cewa suke a rage ma'aikata in ciniki ya tsaya. Mahaifinta Hadi da maƙwabtansa ba su karanta su ba.

Ya yi mako yana kanta da la'asar, a kujerar da ke fuskantar wadda ba mai zama tun rasuwar Dela. Ya ƙarar da biro ɗaya ya sayi wani. "Wannan jimla ta mutu tun a tsakiya." "Wa ya gaya miki?" "Kin gano abu a nan, sai kika binne shi da sunayen Turawa." Da ya gama, ya ji wani sanyi a ransa da ya daɗe bai ji ba.

Ya miƙa mata a ofis. Ta buɗe shafin farko, ta buɗe na biyu, ta rufe.

"Duka, Ustaz?"

"Shafi na tara na bar miki layi biyu. Gajiya na yi."

Ta ce ta gode, ta fita a hankali. Shi a ganinsa ya yi mata babbar kyauta.

Washegari da hantsi malamai suka kewaye kwanon ful, dafaffen wake, a ɗakin hutawa. Shugaban sashe, Dakta Tariq, mutum mai turare da maƙaloli masu kama da juna kamar burodin gidan gashi ɗaya, ya ga takardun a hannun Tasnim ya karɓa ya juya su.

"La ilaha illallah. Ya Daktora, wannan ai gawa ce." Ya yi dariya ya nuna Dakta Zainu da gutsuren burodi. "Ni duk abin da na kai masa, ko waƙafi bai taɓa gyara mini ba. Ko ba haka ba, Ustazna?"

"Haka ne," in ji Dakta Zainu. "Ban taɓa ba."

Tsofaffi biyu a wurin suka sunkuyar da kai cikin kwano. Ba wanda zai fassara wannan a gaban shugaba. Dakta Zainu ya dubi Tasnim, ya ce a ransa yarinyar da ta gane hayaƙin kamina ai za ta gane wannan. Ya ci gaba da cin ful.

"Ki zo ofishina," Tariq ya ce mata. "Mutanen waje ba ruwansu da Aljirif. Ki raba wa ɗalibai takardar tambayoyi a kan salon shugabanci da gamsuwar ma'aikata, mu zuba a kwamfuta, ta ba mu jadawali. Kada ki ce Khartum, ki ce wani birni a ƙasa mai tasowa. Sunana a gaba, naki a baya, kafin Babbar Salla ta fita."

Bayan nan Tasnim ta daina shigowa ofishinsa. In sun haɗu a baranda ta gaishe shi da ladabi, da Larabci. Ya ɗauka gyara take yi. Wanda ke gyara ba ya son surutu, shi ma haka yake. Har ya nemo mata sunan wata mujalla da ke karɓar irin aikin, ya ajiye a aljihu yana jiran ta dawo da shafi na tara.

Ta dawo bayan Salla, da kwalin alewa da maƙala bugaggiya mai tambarin mujallar waje.

"Ta fita, Ustaz. Na san ba sai ka duba ba, amma ina so ka gani."

Ya kai ta gida ya karanta. Ba kogi a ciki, ba laka, ba Hadi. An tabbatar da cewa ma'aikacin da shugabansa ke kyautata masa ya fi jin daɗin aiki, an kuma kawo jadawali don kada wani ya yi musu. Ya ɗauki jan biro, ya juya shi a hannu, ya mayar da murfin.

Da safe ya miƙa mata tas.

"Ma sha Allah," ya ce. "Ba laifi."

Fuskarta ta washe yadda bai taɓa gani ba.

"Wallahi wannan kalmar ta fi mini tambarin. Na ɗauka ba zan taɓa jin ta daga bakinka ba."

"Ita waccan fa? Ta bulo."

"Na kai wa Baba. Ya ce bai san Turanci ba, amma takardar tana kama wuta da kyau." Ta yi dariya. "Ka cece ni daga kunya, Ustaz. Ba don kai ba da na aika ta haka. Kuma akwai wani labarin: wata jami'a a Khalij, ƙasashen Larabawa masu man fetur, ta ga wannan, sun kira ni. Alhamis zan tashi."

Ya sa hannu a aljihu, ya taɓa 'yar takardar da ta yi laushi don daɗewa. Ya gyara murya. Ya san da Dela ce da tuni ta gama, da gahawa a hannu, cikin jimla biyu.

"'Yata," ya ce, "shi jan biron nan…"

"Ya Daktora!" Tariq ya leƙo daga ƙofa. "Mai hoto yana jira, za a sa mu a allon kwaleji. Ustazna, ka ara mana ita."

"Ina zuwa, Ustaz, yanzu zan dawo," ta ce.

Aka yi hoto, aka raba alewa, aka ja ta ofis-ofis ana sallama. Ya zauna har aka kira la'asar, sannan ya kulle ƙofa ya tafi tasha.

A kan gada hafila ta tsaya cikin cunkoso. Kogi ya cika, ruwan ya yi ja da laka. Yanzu haka a Aljirif an kashe wuta, Hadi yana ciyar da mutanen da ba su da aikin yi. Dakta Zainu ya jera maganar a ransa, ya cire kalma ɗaya, ya mayar da ita, kamar yadda ya saba. Maganar ba ta buƙatar gyara: tun da ya fara koyarwa, ba a taɓa kawo masa abin da ya kai maƙalarta ta farko ba.