Ƙarshen Benci

Arlene tana kokawa da maɓallin ƙarshe na tsohuwar rigar wasan, bakinta kuma bai huta ba.

"Ɗaga haɓa, Walt. Yauwa. Ka ga har yanzu rigar ta yi maka cif, ni ce dai na buɗe. Filin wasa za mu, ka ji? Roscoe ma zai zo."

Walt yana kallon bango ta saman kanta. Tun kafin bikin Ista bai kira sunanta ba. In ta ba shi abinci ya ci, in ta share masa baki ya ce "na gode, baiwar Allah," daidai yadda yake ce wa ma'aikatan gidan kula da tsofaffin. Likita ya ce a riƙa yi masa hira, to kuwa an faɗa wa mai yi, don Arlene Dombek tun tana budurwa ba a kai ta surutu a unguwarsu. Kullum da safe sai ta zo ta juye masa labarin gari, wanda ya mutu, wadda ta haihu, karen maƙwabta da ya tone mata furanni. Abu ɗaya take nema a duk wannan zuba: ya dube ta ya ce Arlene, ko sau ɗaya ne, kafin ciwon ya gama cinye shi. Yau har ɗankwalinta rawaya na da ta tono daga ƙasan akwati ta rataya a wuya, amma ko kallonsa bai yi ba.

'Yarsu Denise ba ta so tafiyar ba. Ta faɗa ta waya cewa izgili ne kawai, wai ƙungiya ta tara tsofaffi don bikin cika shekara hamsin da kakar wasa mafi muni a tarihinta, har da buga riguna ana sayarwa. Arlene ta ce mata an yi wa ubanta dariya lokacin da yake da hankalin jin zafinta bai mutu ba, balle yanzu. Ba ta gaya mata cewa filin nan shi ne dabararta ta ƙarshe ba.

Maƙeran Tilden Falls na 1974 kam, Allah ya kyauta. Ƙaramar ƙungiyar ƙwararru ce ta besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, a can ƙasan rukunin gasa, ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba, su kuma suna saka wa gari da shan kashi. An ci su a gida, an ci su a waje, an ci su ranar da rabin abokan karawarsu ke fama da gudawa. Akwai ɗan wasansu ɗaya da kullum yake cewa rana ce ta kashe masa ido, ko da hadari ya rufe gari. A bazarar ce masana'antar ƙarfe ta fara sallamar ma'aikata, sai maza suka riƙa cika filin da rana tsaka don su kalli waɗanda suka fi su shiga uku. Walt shi ne mai jifa, Roscoe Tate kuma shi ne mai tsugunawa yana cafke masa. Arlene tana zama a tsallaken fili, saman rumfar 'yan wasan baƙi, inda tikiti ya fi araha kuma fuskar Walt ke fitowa sosai. Duk zagayen da zai fita jifa, sai ya tsaya a matakalar rumfar ƙungiyarsu, ya nemo rawayan ɗankwalin, ya taɓa bakin hularsa sau biyu.

Rana ɗaya tak suka gani ta kirki, wasan ƙarshe. Hannun Walt ya zauna, masu duka suna zuwa suna komawa, ba wanda ya iya yi wa jifarsa bugun kirki ko sau ɗaya. Kowa a garin nan ya san dokar irin wannan rana: ba a yi wa mai jifa magana, ba a zama kusa da shi, ba a ko ambaton abin da ke faruwa, don kada a yi masa baki. Haka aka bar shi shi kaɗai a ƙarshen benci, hannun jifarsa lulluɓe da jaket don kada ya yi sanyi, har wasa ya ƙare ba a buge jifarsa ba. Kuma duk da haka an ci su ɗaya da nema, don mai cewa rana ta kashe masa idon nan ya saki ƙwallo daga hannunsa a zagayen ƙarshe.

Suna isa fili aka kai su rumfar 'yan wasa su jira kafin a kira sunaye. Tsofaffi bakwai suka rage, kowa da irin nasa ciwon. Roscoe ya taso yana dogara sanda, tumbinsa ya riga shi isowa.

"Amarya, har yanzu ba ki gaji da wannan ramammen ba? Na gaya miki tun a coci ni ya kamata ki aura."

"Da na aure ka da tuni na mutu a bakin murhu," in ji ta.

Ya rungume Walt, ya kira shi da duk sunayen tsokanar da, Walt ya ce masa na gode. Roscoe ya juya ya yi kamar wani abu ya faɗa masa a ido.

Arlene ta zaunar da mijinta a tsakiyar benci ta ci gaba da aikinta. Ta nuna masa tudun jifa, ta nuna masa allon maki da aka mayar na lantarki, ta tuna masa motar ƙungiya da ta mutu a hanyar Toledo har suka tura ta da kayan wasa a jikinsu. Walt yana ta shaƙar iska, warin ciyawa da aka yanka da na albasar da ake soyawa a bayan rumfa. Can sai ya matsa gefe. Ta bi shi. Ya ƙara matsawa, ta ƙara binsa da labari, har ya kai ƙarshen benci ya jingina da bango. Ya cire jaket ɗinsa, ya lulluɓe hannun dama kaɗai da shi tun daga kafaɗa, ya sunkuyar da hula.

"Haba Walt, iska ake yi, mayar da rigarka," ta ce, ta kai hannu.

Ya ture hannun, da ƙarfi. A duk zamansu bai taɓa ture ta ba. Kunya da baƙin ciki suka taso mata lokaci guda, ta tsaya riƙe da hannunta kamar ta taɓa tukunya mai zafi. A ranta ta ce Denise ta yi gaskiya, ga shi ta kawo shi cikin mutane ta ƙarasa rasa shi.

Sai ta ji sandar Roscoe ta taɓa mata takalmi. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, idonsa a kan fili.

"Amarya, taso. Dubi yadda ya rufe hannun. Dubi inda ya zauna."

Ta duba. Sai ta gane: ya koma ranar wasan ƙarshen nan.

Roscoe ya ja jiki zuwa ɗaya ƙarshen bencin ya zauna, ya soma yi wa na kusa da shi ƙorafin gwiwa. Wancan ya waiga, ya ga Walt, ya gane, shi ma ya matsa. Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin nan suka tattara sandunansu suka cunkushe a gefe guda, suna hirar ruwan sama da maganin hawan jini, ba mai kallon ƙarshen benci. Wata ma'aikaciyar ƙungiya ta sauko da fara'arta za ta gaisa da Mista Dombek, Roscoe ya gitta mata sanda ya ce ta bi ta baya.

Walt ya ɗago kai a hankali. Ya dubi dogon filin da aka bar masa a kan benci, ya dubi mutanen da suka juya masa ƙeya. Kafaɗunsa suka sauka. Wani ɗan murmushi ya fito a gefen bakinsa, irin na wanda ya san abin da yake yi kuma ya san kowa ya sani. Rabon Arlene da ganin wannan fuskar har ta manta.

Bakinta cike yake da magana, tana jin ta har a maƙogwaro. Ta haɗiye. Ita ma ai ta san doka, kuma ta san ba nan ne wurinta ba.

Zagaya filin nan ya ba ta wuya. Ta bi ta bayan masu sayar da sosej da lemo, ta ratsa layin masu sayen rigar shan kashi, ta hau matakala tana riƙe ƙarfe tana hutawa. An canza kujerun, amma wurin yana nan. Wani ƙaton mutum ne zaune a kai yana ɓare gyaɗa. Ta ce masa don Allah ya ara mata kujerar na ɗan lokaci, tata ce tun kafin a haife shi. Ya dube ta, ya kwashe gyaɗarsa ya matsa. Ta zare ɗankwalin daga wuya ta ɗaura a ka, ta ƙulle shi a ƙarƙashin haɓa.

Mai sanarwa ya fara. Ya karanto yawan wasannin da aka ci su, fili ya kwashe da dariya, dariyar kuma ta juye ta zama tafi. Tsofaffin suna fitowa ɗaya-ɗaya suna ɗaga hula. Da aka kira Walt Dombek, shiru, ba wanda ya fito. Arlene ta damƙe jakarta. Daga nan tana hango shi ɗan ƙarami a cikin inuwa, da Roscoe tsaye nesa da shi yana kallon sama.

Sai ya miƙe. Ya zame jaket ɗin daga hannunsa ya ajiye, ya hau matakalar rumfa, ya tsaya. Idonsa ya tsallaka fili, ya bi layin kujeru, ya wuce ta, ya dawo. Ya taɓa bakin hularsa sau biyu.

Mutane suna ta ihu kewaye da ita. Arlene, wadda a da ake jin muryarta har wurin ajiye motoci, ta sa hannu ta toshe bakinta, hawaye suna bin yatsunta. Mai gyaɗa ya miƙo mata takardar goge hannu. Walt ya tsallake farin layin alli ba tare da ya taka shi ba, kamar yadda ya saba a da, ya nufi tudun jifa, Roscoe yana ɗingishi a bayansa.

Kafin ta sauko ta sake zagayowa, an riga an fito da shi bakin ƙofa. Ta ɗaura masa bel a mota, ya ce, "Na gode, baiwar Allah." Idon ya koma inda yake zuwa.

Roscoe ya jingina da ƙofar motar yana haki. Ya ce yana da saƙo, in ta ga dama ta yarda, don ya san ta daɗe da sa shi a layin maƙaryata. Wai a kan matakalar nan, bayan ya taɓa hula, Walt ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi, 'Roscoe, Arlene ta zo.'"

Ta riƙe murfin motar. Sai da ta nisa kafin ta iya tambaya. "Kai kuma me ka ce masa?"

"Ni? In yi masa magana a rana irin wannan? Amarya, ashe ba ki da hankali."

Ta yi dariya har ta share ido da bakin ɗankwali. Ta shiga ta tayar da mota. Rediyo ya kama da kansa, ana ba da labarin wasan da aka fara, wai har an ci Maƙera biyu. Ta kashe shi. Walt ya jawo jaket ɗin ya rufe hannun dama, ya jingina da taga. Akwai labarin mai gyaɗa a bakinta, da na matakala, da abin da za ta gaya wa Denise. Ta bar su duka, ta ɗauki doguwar hanya ta bakin kogi, tana tuƙi a hankali.